Ba bututun ba ne, ramin da aka huda ne

Assalamu alaikum Edita, ina gaisuwa da fatan aiki lafiya. Ni bakanike ne a nan Garwa, kuma wata magana ce ke cina tun watan jiya da wani mai injin niƙa ya kawo min sandar da ke juya injinsa ta tsinke gida biyu, yana ta faɗa wai an cuce shi an sa masa ƙarfe mai rami a ciki, shi mai cikakken ciki yake so. Na ce Alhaji tsaya ka duba inda ta karye mana. Daidai inda wani mai walda ya huda ta ya zura ƙusa don ya riƙe fuli, wato faifan da bel ke juyawa, tsagar ta tashi daga bakin ramin ta tafi a karkace.

Mutanenmu basu san cewa in ana murɗa ƙarfe bayansa ne ke shan wahala ba, tsakiyar kusan zaman banza take yi. In ramin ciki rabin faɗin sandar ne, ƙarfin da aka rasa bai wuce kashi 1 cikin 16 ba amma nauyi ya ragu da kashi 1 cikin 4, shi ya sa kardan, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa ƙafafun baya, na manyan motocin da ke hawa dutsen hanyar Ngaundere da auduga fal bututu ne kuma ba kullum yake tsinkewa ba.

To amma bututu baya son rauni, nan ne matsalar. Ƙaramin rami ɗaya a jikinsa, wahalar da ke taruwa a bakin ramin tana kai kusan ninki 4 na ta sauran jikin, kuma tunda bangon siriri ne babu nama a ciki da zai taimaka, haka ma kwana mai kaifi inda aka rage kauri don zaman boris, ko gurbin makulli, wato mazaunin ɗan ƙarfen da ke kulle fuli da sanda, da aka yanke da lungu kamar bakin wuƙa, ko walda da aka bari da ƙuraje. Kuma ba rana ɗaya yake karyewa ba, kullum injin na tashi yana tsayawa tsagar na ci a hankali har ranar da ake tsaka da niƙan gero ta ce ɓas. Ko a Faransa a 1842 karyewar sandar da ke riƙe ƙafafun jirgin ƙasa ce ta kashe mutane da yawa kusa da Versailles. Wanda ke musu ya samu alli ya murɗa shi da hannu, zai ga karkatacciyar karaya irin ta Alhaji sak.

Dan Allah masu sassaƙa ƙarfe na Garwa da Marwa ku riƙa barin ɗan lanƙwasa a kwana, ku goge bakin rami yayi sumul, in da hali a ɗaure fuli da abin matsewa a bar hudar. Na Alhaji dai mun sake masa bututu irin na da, yana ta ƙunƙuni ya biya.

Naku,
Bakanike daga Garwa