Laburaren Braddock da aka saya a kan dala ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku kan yadda ɗakunan karatu ke mutuwa a garuruwanmu, sai na ce bari in ba masu sauraro labarin wani tsohon gini da ke kusa da inda nake zaune, a garin Braddock, gefen birnin Pittsburgh na Amurka.

Attajirin nan na ƙarfe, Andrew Carnegie, shi ya gina shi saboda leburorin masana'antarsa, aka buɗe a 1889. A ƙasan ginin har wurin wanka aka yi, don lebura ya wanke baƙin hayaƙi kafin ya hau sama ya taɓa littafi. A 1893 aka ƙara da zauren kiɗa da wurin ninkaya. Ni dai ban cika yabon Carnegie ba, don wanda ke aikin awa 12 a gaban wuta, yaushe ya ga ta karatu? Amma gini ya ginu.

Da garin ya fara tsiyacewa, jama'a suka watse, rufi ya soma yoyo, sai aka garƙame laburaren a 1974, har aka fara maganar rushe shi. Nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutanen gari ne, bisa jagorancin David Solomon, ma'aikacin laburaren na ƙarshe, suka haɗa ƙungiya suka saye ginin a kan dala ɗaya. Ba su jira sai sun sami kuɗin gyara shi duka ba. Ɗaki guda suka share, suka buɗe wa yara a 1983, sauran kuma a hankali a hankali.

Tsohon wurin wankan nan ya zama ɗakin koyon ginin tukwane. Ranar da na fara shiga, na tarar da wata yarinya, yumɓu har gwiwar hannu, ta duƙufa tana gyara bakin kasko. Wallahi sai da na tuna da tsohon ɗakin karatun En'e na garinmu, inda na fara karanta jarida. Zuwana gida na ƙarshe, kwaɗo ne a ƙofar, awaki na kwance a barandar.

Don Allah ku tura wakilanku su zagaya irin waɗannan gine-gine, su tambayo mana a hannun wa mabuɗin yake, kuma ko za a ba matasan unguwa aron ɗaki ko da guda ne.

Naku,
Mai sauraronku daga Pittsburgh