Surukata ta ce ba da yawunta ba in na koma Legas

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da aiki, ina kuma gaida masu sauraron wannan fili. Ni malamar firamare ce a garin Bauchi, shekarata 29, aurena shekara shida, Allah ya ba mu 'ya ɗaya. Don Allah a sakaya sunana.

Maigidana a Legas yake aiki, wajen tashar jiragen ruwa ta Apapa. Sai Sallah ƙarama da babba muke ganinsa, in an ci sa'a ya ƙara mako guda a ƙarshen shekara. Ni ina zaune a gidansu tare da mahaifiyarsa, Hajiya, kuma tsakani da Allah ba ta taɓa ware ni daga 'ya'yan cikinta ba. Ki riƙe wannan a ranki Anti, don kada ki ɗauka ƙararta na kawo.

Bara na yi ɓarin cikin wata biyar. Jikina ya warke da wuri, zuciyata ce ta ƙi. Sai in shiga aji in rubuta darasi a allo, in juyo in rasa abin da zan ce wa yara. Da aka ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, maigidana ya turo kuɗin mota, Hajiya da bakinta ta ce, "Je ki sha iska, ɗiyata, ki bar mini yarinyar." Muka bi ta Jos da Abuja da Lokoja da Ibadan, muka kwana a hanya.

Ni da iyakar ruwan da na sani shi ne madatsar Gubi da ruwan ɗumin Wikki a Yankari, sai ga ni a kan doguwar gadar nan ta Legas da ake kira Third Mainland, mai kusan kilomita 12, ruwa dama da hagu, masunta a cikin kwale-kwale. Maigidana ya kai ni dandalin Tafawa Balewa, inda aka yi bikin karɓar mulkin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. Na tsaya ina tuna sau nawa na raka ɗalibaina kabarin marigayin a nan Bauchi, ga shi yau ina tsaye a filin da ke ɗauke da sunansa a bakin ƙasar. A watan Agusta ruwan sama yakan ɗan tsagaita a can, iska na kaɗawa da sanyi, don haka kusan kullum da yamma muna fita.

Ranar wata Asabar ya ce akwai wasan mawaƙa a bakin teku wajen Lekki, ya sayi tikiti biyu. Mun isa bayan la'asar. Zan faɗa miki duk abin da na gani, ba zan rage ba. Akwai masu shan giya a can gefe, akwai 'yan mata da shigar da ni ba zan iya fita da ita ko tsakar gida ba. Akwai kuma iyalai da 'ya'yansu a kan tabarmi da kujeru, cikinsu muka zauna, ina sanye da hijabina har ƙasa. Masu tsire da masu dawakan haya da yawansu 'yan Arewa ne, a wurin sallarsu muka yi magariba.

Da duhu ya fara aka kunna fitilu, makaɗa sun fi goma suka hau dandamali. Masu bushe-bushe, masu jita, da wani dattijo mai kalangun Yarabawa a hammata, yana matsa shi yana sa shi magana kamar yadda namu suke yi a gidan biki. Ban taɓa sanin cewa kiɗan da ake yi a gabanka daban yake da na waya ba. A ƙirji nake jin ganga, igiyar ruwa na dukan yashi a bayanmu, dubban mutane na amshi da murya ɗaya cikin yaren da ban iya ba. Ban tashi na yi rawa ba, Allah shi ne shaida. Tafi na yi, na yi dariya, daga nan hawaye suka zubo mini. Maigidana ya riƙe hannuna ya ce rabonsa da ya ga haƙorana tun kafin asibiti. Kafin ƙarfe goma mun kama hanyar gida.

Ashe matar abokinsa da muka je tare ta ɗauki bidiyo ta ɗora a WhatsApp. Bidiyon ya riga ni isowa Bauchi. Ranar da na dawo, Hajiya ta bari na ci abinci na huta, sannan ta kira ni ɗaki ta ce, "Na tura ki ki warke, kika je gidan gala? Matar aure a gaban makaɗa da dare?" Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ya wuce, amma shekara guda ke nan ba ta sake ce mini "ɗiyata" ba, sai dai sunana. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Na tambayi malamarmu ta Islamiyya. Ta ce malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, amma zama inda ake shan giya da cakuɗuwar maza da mata ba abin wasa ba ne. Na karɓi maganarta, na yi istigfari. Sai dai in na ce miki na tsani daren nan na yi ƙarya, domin daga shi na fara dawowa hayyacina. Wani lokaci nakan tuna cewa a bikina Hajiya ce ta kira masu kiɗan ƙwarya har ta yi musu liƙi, amma bakina ba zai iya furta mata haka ba.

Yanzu hutu ya sake matsowa, maigidana ya riga ya turo kuɗin mota. Da na sanar da Hajiya sai ta ce, "Mijinki ne, ba zan hana ba, amma ba da yawuna ba." Shi kuma ya ce shi ya kai ni, laifin nasa ne in akwai, zai kira ta su yi magana. Na roƙe shi ya dakata, don na san zafinsa, kuma ba na so a ce ni na shiga tsakanin ɗa da uwa.

Anti, yaya zan yi? In tafi wajen mijina in ɗaukar wa Hajiya alkawarin ba zan ƙara taka wurin kiɗa ba, alhali na san shi zai so mu je, ni ma raina na so? Ko in haƙura da tafiyar bana, mu ƙara wata biyar ba mu ga juna ba? Akwai ƙanin mahaifinsa da Hajiya ke jin maganarsa, shin in kai masa zancen, ko hakan tonon asirin gida ne? Kuma da wane lafazi zan fahimtar da ita halin da nake ciki a lokacin, ba tare da ta ga ina kare kaina ba?

Saura mako uku a rufe makaranta, kuma har yau ban ba maigidana amsa ba. Ina sauraron shirinki ranar da za ki karanta.

'Yarki daga Bauchi