Wasiƙa zuwa Lesta kan mai lambun Barnsdale

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya kuma fama da sanyin Ingila? Nan kowa lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, har da hoton ɗan filin bayan gida da kake son mayarwa lambu. Ka kuma tambayi wane ne Geoff Hamilton ɗin nan da dattawan unguwarku ba sa gajiya da ambatonsa. An haife shi a gabashin Landan a 1936, shi da ɗan tagwayensa Tony, wanda daga baya ya rubuta littafin tarihin rayuwarsa. Ya yi karatun aikin lambu a kwalejin Writtle da ke Essex, ya taɓa aikin jarida, sannan daga 1979 ya shiga gabatar da shirin aikin lambu na talabijin ɗin BBC mai suna Gardeners' World. Yana kan wannan aiki ciwon zuciya ya ɗauke shi ranar 4 ga Agusta, 1996, a wajen wani hawan keke na tara kuɗin agaji a Wales, yana da shekara 59.

Abin da ya sa mutane suka riƙe shi, a ganina, bai wuce tausayin aljihu ba. Da wandon jins da hannu dumu-dumu da taɓo yake fitowa, ya nuna maka yadda za ka haɗa abu da guntun katako da leda maimakon ka je ka saya. Idan shuka ta ƙi, ba ya ɓoyewa.

Tunda ƙasarka ta yi kama da laka, fara da irin fangalinsa mai zurfi. Faɗinsa mita 1.2, kada ya wuce haka, domin hannunka ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da ka taka ba. Ka haƙa rami a kai ɗaya, zurfin bakin shebur, ka kwashe ƙasar ka ajiye a ɗaya ƙarshen. Gindin ramin ka sassauta shi da shebur mai yatsu, ka zuba taki, sannan ka haƙa rami na biyu ka rufe na farko da ƙasarsa. Haka za ka yi ta ja da baya, ƙasar da ka ajiye ita za ta cike na ƙarshe. Wurin da ake yin ɓarna biyu ne. Wasu su juyo ƙasar ƙasa, wadda ba ta da albarka, ta hau sama ta binne mai kyau. Wasu kuma su haƙa laka tana jiƙe sharkaf, ta dunƙule, in ta bushe ta zama kamar tubali. Ka yi aikin a Oktoba ko Nuwamba, ka bar manyan hoge yadda suke, sanyin hunturu zai farfasa maka su. Taki kuwa sai wanda ya ruɓe sosai. Ɗanye yana ƙona saiwa, karas kuma ya fito da 'yan yatsu. Da zarar an gama, ƙafa ba ta sake hawa fangalin.

In ka shiga kantin kayan lambu za ka ga buhunan ƙasar tukwane. Da yawansu a da cike suke da wata baƙar ƙasa mai laushi da ake haƙowa daga dausayi, wadda suke kira pit. Kimanin milimita 1 take ƙaruwa a shekara, ka ga abin da aka kwashe rana guda ba mai dawowa ba ne a zamaninmu. Hamilton na cikin na farko da suka fito talabijin suka ce a daina, tun ana yi masa kallon mai neman rigima. Ya koma gwada garin ɓawon kwakwa. Yana aiki, amma yana da yaudara: samansa ya bushe ƙamas alhali cikinsa a jiƙe yake, mutum ya yi ta ƙara ruwa har saiwa ta ruɓe. Tura yatsa ciki tukuna, ko ka ɗaga tukunyar ka ji nauyinta. Ba shi da abincin shuka kuma, saboda haka ka fara ba shukar takin ruwa da wuri.

Dabararsa da ta fi ba ni dariya ita ce dutsen jabu. A lokacin ana ɓalle shimfiɗaɗɗun duwatsun farar ƙasa na arewacin Ingila ana sayar wa masu adon lambu, shi ne ya ce kowa ya yi nasa. Awo 2 na garin kwakwa, awo 2 na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, awo 1 na siminti. A kwaɓa da ɗan tauri, a haƙa rami maras tsari, a shimfiɗa leda a bar ta a yamutse, a manna kwaɓin a gindi da gefuna, kaurin kamar santimita 5, tsakiya a bar shi holoƙo don kada ya yi nauyi. Bayan 'yan kwanaki a ciro a kife. Ruwa in ya yi yawa, kwaɓin zai zame ya taru a gindi. In ƙanƙara ta kama shi kafin ya yi ƙarfi, zai ruguje. Sa safar hannu, siminti na cin fata. Masu lambu a can kan shafa masa kindirmo don gansakuka ta kama shi ya yi kamar tsoho.

Lambun nasa, Barnsdale, yana nan kusa da ƙauyen Exton a Rutland, bai yi nisa da ku ba. Ɗansa Nick ne ke riƙe da shi, ƙananan lambuna 38 a fili mai eka 8, da yawansu girman bayan gidan talaka. Ka je da tef ɗin awo, ka auno faɗin hanyoyin da ke tsakanin fangalin kayan miya kafin ka sa shebur a naka.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. In alayyafon ya fito, a turo hoto.

Naka,
Amininka