Rahoton Ayyukan Shekara: Enzayim da Hasashen Makomar Ciwon Dajin Baki

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Tambaya ɗaya ƙungiyarmu ta sa a gaba bana: majinyata biyu, ciwon dajin bakinsu mataki ɗaya a ma'aunin TNM (tsarin da likitoci ke auna girman ƙari da yaɗuwarsa da shi), an yi musu aiki iri ɗaya, me ya sa ɗaya yake samun sauƙi, na ɗayan kuma ya dawo ta kaluluwar wuya? Ƙididdigar GLOBOCAN (ƙididdigar ciwon daji ta duniya) ta 2022 ta nuna kusan mutum 390,000 ne suka kamu da dajin leɓe da baki a duniya, kimanin 188,000 suka rasu. Amsar tana da muhimmanci.

A neman amsar mun duba enzayim, wato sinadaran da ke hanzarta ayyuka a cikin jiki. Wadda ake kira MMP-9 ce ta cinye mafi yawan zaman nazarinmu na wata-wata. Ita da 'yar uwarta MMP-2 suna narkar da kolajin nau'i na 4, wani furotin mai ƙarfafa nama, wanda da shi aka gina shimfiɗar da ta raba fatar cikin baki da naman ƙarƙashinta. Da zarar shimfiɗar ta ɓule, ciwo ya samu hanya. Mun kuma duba enzayim ɗin CA IX, wadda ke ƙaruwa inda ƙari ya rasa iskar oksijin, irin ƙarin da ke taurin kai in an zo gashi da radiyeshan. LDH kuwa, enzayim da ke fitowa idan ƙwayoyin jiki sun lalace, zama ɗaya muka ba ta.

Inda muka fi kai ruwa rana shi ne gwajin waɗannan enzayim a yawu. Membobi da dama sun yi murna da shi, kuma da gaskiyarsu: ba allura, ba yanka. Sai likitocin haƙori da ke cikinmu suka ja hankali cewa kumburin dasashi shi kaɗai yana ɗaga MMP-9 da LDH a yawu, ga shi masu shan taba sukan haɗa cututtukan biyu. Wannan gyara, a ganina, ya fi duk abin da muka karanta bana amfani. Don haka aka amince kada a karɓi samfurin yawu sai an rubuta halin dasashin mai shi.

Mu tuna, har yanzu babu enzayim ko ɗaya a cikin TNM na dajin baki. Cikin abubuwan da bugu na 8 na TNM ya ƙara akwai zurfin da ƙari ya nutsa. Kada a faɗa wa majinyaci makomarsa bisa waɗannan gwaje-gwaje.

Baɗi, in Allah ya kai mu, duk binciken da memba zai gabatar sai ya bi ƙa'idojin REMARK na 2005, wato ƙa'idojin rubuta rahoton bincike kan alamomin hasashen makomar ciwon daji. Mai son shiga kwamitin tantancewa ya sanar da sakatare kafin zama na gaba.

Wassalam,
Shugaban ƙungiya