Kwana goma sha biyar a Urushalima

Aminina,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya sanyin Jos? Tun bikin ƙanwarka shiru kake ji, ko waya babu. Ko madam ce ta riƙe maka wayar?

An ba ni wa'azin Ista a bana, shi ya sa na zauna da 1 Korantiyawa sura 15, kuma wallahi ta hana ni barci. Na girma ina ɗauka Linjila huɗu ne suka fara ba da labarin tashin Yesu daga matattu. Ashe wannan wasiƙar ta Manzo Bulus zuwa ga Korantiyawa ta riga su. Daga Afisa ya rubuta ta wajen shekara ta 54, Linjilar Markus kuwa sai kusan shekara ta 70. Kuma Bulus bai ce maganarsa ba ce, cewa ya yi abin da ya karɓa ya miƙa: Almasihu ya mutu, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku, ya bayyana ga Kefas (wato Bitrus), ga almajirai sha biyun, ga 'yan'uwa fiye da 500, ga Yakubu ɗan'uwan Yesu. To daga bakin wa ya karɓa? A wasiƙarsa ga Galatiyawa ya ce bayan shekara uku da tubansa ya je Urushalima, ya kwana 15 wurin Bitrus, ya kuma ga Yakubu. Ka san ba hirar damina suka yi ba.

Yakubun nan ne ya tsaya mini a rai. Linjilar Yahaya ta ce 'yan'uwan Yesu ba su gaskata da shi ba, sai ga ɗan'uwansa na jagorantar ikilisiyar Urushalima har aka jefe shi a shekara ta 62. Farisiyawa, wata ƙungiyar addinin Yahudawa, sun yarda da tashin matattu, amma na kowa da kowa a ranar ƙarshe, kamar a Daniyel 12. Mutum ɗaya ya tashi duniya na nan tana tafiya, wannan ba shi suke jira ba.

Af, Baba mai gadi ya aurar da autarsa, ya ce in faɗa maka bashin goronsa na nan.

Abin da ke damuna shi ne matan. Bulus bai ambaci Maryamu Magadaliya ba ko sau ɗaya, alhali duk Linjila sun sa ta a bakin kabari da sassafe. Tsoffin kwafin Markus kuma a 16:8 suka tsaya, matan sun gudu cikin tsoro. Ina so in faɗi wannan a gaban jama'a, amma ina tunanin dattawa. Kai da ka san su, me ka gani?

Ka turo mini kilishin da ka yi alkawari. A gaida madam da yara.

Naka har kullum.