Roƙon Tallafi Don Tayar da Ɗakin Gwaje-gwajen Bayoloji na Makarantarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga iyayen yara, da tsofaffin ɗalibai, da 'yan kasuwar unguwa, da duk mai kishin karatun 'ya'yanmu. Kwamitin iyaye da malamai na makarantar sakandarenmu ne ke miƙo muku ƙoƙon bara a kan ɗakin gwaje-gwajen bayoloji. Ginin yana nan da rufinsa da tagoginsa. Abin da ya rasa shi ne kayan aiki: famfunan tebura sun daina kawo ruwa, kwalaben gwaji sun ƙare da fashewa, sinadaran da ke cikin kabad kuwa wa'adinsu ya wuce tun tuni. Malaman sashen kimiyya sun zauna da mu, sun nuna mana abin da manhaja ta ce a koyar da kuma abin da suke iya koyarwa da alli kaɗai. Ratar da ke tsakani ce ta sa muka rubuto.

A ɗauki darasin enzayim. Kowane ɗalibin aji ɗaya na babbar sakandare zai karanto maka cewa enzayim sinadari ne da jiki ke haɗawa don hanzarta aiki, kuma zafi mai yawa yana lalata shi. Sun haddace tsaf. Amma ka tambayi yaro me ya sa lomar tuwo ke yin ɗan zaƙi idan aka daɗe ana taunawa, sai ya sunkuyar da kai. Alhali gwajin da zai ba shi amsa bai fi na minti ashirin ba. A dama sitaci ya dahu, a zuba kaɗan a kwalba, ɗalibi ya sa yawunsa a ciki, a tsoma kwalbar a ruwa mai ɗumin jikin mutum, wato digiri 37. Bayan kowane minti ɗaya a ɗebo ɗigo a ɗora a kan ɗigon aidin. Da farko zai rine shuɗi mai duhu kamar baƙi, sannan launin ya riƙa kodewa har ya daina fitowa, domin enzayim ɗin yawu ya gama mayar da sitacin sukari. Sai a sake yi da yawun da aka tafasa: shuɗin zai tsaya cak, ko za a wuni ana jira.

Haka gwajin hanta. A jefa ɗan yankin ɗanyar hanta cikin ruwan haidurojin da ake wanke ciwo da shi, wanda ake sayarwa a kemis, nan take kumfa zai taso har ya malalo bakin kwalba. A jefa dafaffiya, shiru. Yarinyar da ta ga wannan da idonta ba sai an sake gaya mata abin da zafi ke yi wa enzayim ba, kuma za ta gane dalilin da ya sa iyayenmu mata ke naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda, mai ɗauke da enzayim da ke tausasa nama, kafin a ɗora a wuta. Gani ya kori ji. Kuma gwajin nau'o'in abinci da aidin da ruwan Benedict mai gano sukari yana cikin abin da WAEC da NECO ke tambaya a jarrabawar aikin hannu, wadda 'ya'yanmu ke shiga suna zana kayan da ba su taɓa riƙewa ba.

Wannan shi ne matakin farko na roƙonmu, kuma shi ne mafi araha: kwalaben gwaji da matsayansu, ma'aunin zafi, bututun ɗiga, farantan tayil farare, murhun gas ƙarami, sikeli, tabarau da safar hannu na kariya, da sinadarai sababbi. Sai gyaran famfo da magudana. Ko da wannan kaɗai aka samu, rabin matsalar ta kau. Da waɗannan kayan ne ma za a iya fitar da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, daga ayaba: a murƙushe ta, a sa gishiri da sabulun ruwa, a tace, a zuba sifirit mai sanyi a hankali ta gefen kwalba, sai ga farin zare yana tasowa, ɗalibi ya naɗo shi da tsinke.

Mataki na biyu shi ne wanda ya jawo muhawara a zaman kwamiti, kuma gara mu faɗi gaskiya. Malamai sun nemi a sayo akwatin da ake raba gutsattsarin DNA da wutar lantarki, da garin agaros da ake dafawa ya daskare kamar kamu, da bututun awo mai ɗaukar ƙasa da ɗigo, da ƙaramin firij mai aiki da sola. Wani dattijo cikinmu ya ce makarantar da ba ta gama da kujeru ba me ya kai ta DNA, kuma gwajin ba ya cikin jarrabawar aikin hannu. Maganarsa tana da hujja, shi ya sa muka ajiye wannan a baya, ba za a taɓa shi ba sai matakin farko ya kammala. Amma ba mu cire shi ba, ga kuma dalili.

Aikin akwatin ba shi da wuyar fahimta. DNA tana ɗauke da caji mai ja zuwa ɓangaren fositif na lantarki. Idan aka yanka ta gutsu-gutsu da wani enzayim mai yanka a wuri na musamman, aka ɗura a ramukan da ke bakin daskararren agaros, aka kunna wuta, gutsattsarin za su kama tafiya. Agaros ɗin tamkar rariya yake: ƙanana su wuce da sauri su yi nisa, manya su maƙale a baya. A ƙarshe sai layuka su bayyana, kuma jerin layukan wani ba ya zama ɗaya da na wani, in ba tagwaye masu kama ɗaya ba. Farfesa Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester a Ingila ne ya gano hanyar bambance mutane da wannan a 1984. Shari'ar farko da aka warware da ita a 1985 ta wani yaro ce ɗan asalin Ghana, wanda jami'an shige da fice na Birtaniya suka yi shakkar cewa ɗan matar da ya zo wurinta ne. Gwajin ya tabbatar ɗanta ne, aka bar shi ya zauna. Manhajar bayoloji ta babbar sakandare da kanta ta ambaci gano mai laifi da tabbatar da dangantaka a babin bambancin halitta, sai dai a layi biyu.

Abin da ya fi wannan kusa da gidajenmu shi ne gwajin jinotayif. Takardar nan ta AA ko AS ko SS da yanzu ake nema kafin ɗaurin aure, da irin wannan dabara ta lantarki ake fitar da ita a yawancin asibitocinmu, sai dai sinadarin jan jini ake rabawa a maimakon DNA. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da amosanin jini, kuma babu wanda bai san gidan da ake jinyar mai sikila ba. Asalin cutar kuwa harafi ɗaya ne tak ya sauya a cikin DNA. Saurayi ko budurwar da ta taɓa ganin layukan nan suna rabuwa a gabanta, ba za ta ɗauki sakamakon asibiti a matsayin ƙa'idar da aka ƙaƙaba don a hana ta aure ba.

Sai kuma gona. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda aka sanya masa ƙwayar gado daga wata bakteriya ta ƙasa don ya kare kansa daga tsutsar da ke huda fure da kwanson wake. Wasu na yaba shi saboda ya rage feshi, wasu na ɗari-ɗari da duk irin da aka taɓa halittarsa. Kwamiti bai ɗauki ɓangare ba. Muna dai son idan ana wannan magana a majalisa, ɗan makarantarmu ya san abin da aka yi wa waken kafin ya buɗe baki.

Akwai tambayar da wasu iyaye mata suka aiko mana, kuma tana da muhimmanci: shin za a binciki DNA ta 'ya'yansu ne? A'a, ba za a ɗebi jini ko yawun wani yaro don binciken nasabarsa ba, ko kusa. Za a fara koyo da ruwan kala irin na abinci, sannan da DNA ta wani bairos mai kama bakteriya, wadda ake sayarwa musamman don makarantu. Wannan sharaɗi ne rubutacce, shugaban makaranta da shugaban kwamiti sun sa hannu.

Yadda za a taimaka: an liƙa jerin kayan da farashinsu a allon sanarwa na ofishin shugaban makaranta, kowa zai iya ɗaukar abu guda ya ce shi zai saya. Mai kawo kuɗi ya miƙa wa ma'ajin kwamiti hannu da hannu ya karɓi rasit, komai ƙanƙantar abin, kada kuma a ba yaro ya kawo. Masu aikin famfo, kafintoci da masu haɗa sola, aikin yini ɗaya daga gare ku ya fi mana kuɗi. Tsofaffin ɗalibanmu da ke aiki a ɗakunan gwaji na asibiti ko jami'a, muna roƙon ku ba mu Asabar ɗaya ku horar da malamanmu, don kada a sayo kaya su kwanta a kwali. Za a karanta lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a taron iyaye na ƙarshen zango, kuma littafin a buɗe yake ga duk mai son dubawa.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sanya a mizani, ya yi wa zuri'a albarka.

Wassalam.
Kwamitin Iyaye da Malamai