Wasiƙar Iyaye: Kafin 'Yan JSS 3 Su Zaɓi Ajin da Za Su Shiga

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara,

Muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya. Ƙarshen zangon nan 'yan JSS 3 za su cike takardar zaɓen ajin da za su shiga a SS 1: na kimiyya, na kasuwanci ko na adabi. Bana da yawansu, in an tambaye su, sai su ce "aikin kwamfuta" suke so.

Makon jiya wani uba ya shigo ofis yana murmushi, ya ce, "Malam, yaron nan gwanin waya ne, ko tawa in ta rikice shi nake miƙa wa." Muka buɗe sakamakon yaron tare, sai ga lissafi da jan biro zango biyu a jere. Iya latsa waya daban, iya ƙirƙirar abin da ke cikinta daban, kuma na biyun da lissafi ake shigarsa.

A jarabawar JAMB, mai son injiniya sai ya rubuta Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Kimiyyar kwamfuta ma ba a rabuwa da Lissafi da Fiziks. Sannan ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi. Yaron da ya bi abokansa zuwa ajin adabi, ya zo SS 3 ya ce injiniya yake so, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mun sha ganin haka, kuma ba daɗi.

Digirin kwamfuta a BUK ko ABU Zariya shekara 4 ne, na injiniya shekara 5. Amma kada mu raina kwalejin kimiyya da fasaha: ND shekara 2, a fita aikin gwaji na shekara guda, a dawo babbar difloma (HND) shekara 2, hannu ya riga ya faɗa. Akwai kuma koyon gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre ta Kano, da haɗa sola, wadda yanzu ko'ina nemanta ake yi saboda halin da wuta ke ciki. Gwamnatin tarayya ma ta buɗe shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan 3 a fannin fasahar zamani.

Iyayen 'yan mata, don Allah kada a tsaya kan likitanci da jinya kaɗai. Rubuta manhaja aiki ne da mace za ta yi daga ɗakinta, in akwai kwamfuta da intanet.

Za mu zauna da ku ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 10 na safe, a babban ɗakin taro. Malaman Lissafi da Fiziks za su kasance. A zo da yaron, a zo da sakamakonsa na zango uku.

Wassalam,
Shugaban Makaranta